R ko Python: wanne mai binciken tsirrai da muhalli zai fara kamawa?

Wannan tambayar dai ta ishe ni haka, kusan duk wanda ya gama tara datarsa a fili ko a lab sai ya iso da ita, wai cikin yarukan kwamfuta na sarrafa data R zai koya ko Python, kuma yawanci sai saura wata uku a miƙa aiki ake tuna tambayar. Ni kuma abin da nake fara cewa kullum shi ne buɗe min abin da ka tara in gani tukuna. Don siffar datar ita ce ke ba da rabin amsar, sauran rabin kuma yana wajen mutanen da ke kusa da kai, zan zo kan wannan daga baya.

Dukansu biyu kyauta ne, ba mai cewa ka biya lasisi, wannan ba abin gardama ba ne. Inda suka rabu shi ne gidan da kowanne ya fito. R malaman ƙididdiga ne suka haife shi, Ross Ihaka da Robert Gentleman a jami'ar Okland ta ƙasar Niyuzilan, farkon shekarun 1990, sun ɗora shi kan wani tsohon yare mai suna S, kuma sai a shekarar 2000 sigarsa ta 1.0 ta fito. Python kuma Guido van Rossum ne ya fitar da shi a Holan a 1991, shi ba ruwansa da ƙididdiga a farko, yaren rubuta manhaja ne na kowane irin aiki, daga baya ne aka yi ta jingina masa kayan lissafi, NumPy a 2006, pandas a 2008, da sauransu. To wannan asalin har yau yana bin su. R yana ɗauka kai mai bincike ne da ya zo da jadawali, Python yana ɗauka kai mai gini ne da ya zo haɗa wani abu.

Bari mu ɗauki gwajin da aka fi yi. Kana da iri 4 na wata shuka, kana so ka ga yadda suke jure ƙishirwa, sai ka sa ruwa mataki 3, wato haɗi 12 kenan, ka maimaita a benci 5 a ɗakin reno, tukwane 60. A kowace tukunya ka auna ganye 10. Ka buɗe jadawalinka ka ga layi 600, ranka ya yi fari wai kana da samfur 600. A'a, 60 kake da su, kowane haɗi 5 kacal, don ganye goman nan na tukunya ɗaya 'yan uwa ɗaya ne, ƙasa ɗaya suke ci ruwa ɗaya suke sha, in ka lissafa su kamar ba su san juna ba ƙimar p ɗinka, wato lambar da ake dubawa a ce bambanci ba na dace ba ne, za ta fito 'yar mitsitsiya ta yi maka daɗin baki alhali ƙarya ce. Kuma wannan ba kuskuren 'yan koyo kaɗai ba ne fa, Stuart Hurlbert a 1984 ya bi gwaje-gwajen muhalli 176 da aka riga aka wallafa, ya tarar kashi 27 cikin ɗari sun faɗa wannan ramin, in kuma aka ware waɗanda suka yi gwajin ƙididdiga kawai, abin ya kai kashi 48. Maganin shi ne modal mai hawa-hawa, wanda ya san ganye na cikin tukunya, tukunya na kan benci. A R da fakej ɗin lme4 (fakej ƙunshin umarni ne da ake ƙara wa yaren) layi ɗaya ne:

lmer(tsawo ~ iri * ruwa + (1 | benci/tukunya), data = gwaji)

Shikenan. Karanta shi ma kamar magana yake, tsawo ya dogara da iri da ruwa da yadda suke cuɗanya, sannan a yi la'akari da benci da tukunya. Kana gamawa ka kira emmeans ya kwatanta maka irin biyu-biyu, ka zana da ggplot2, duk a zama ɗaya. A Python ma ana yi, statsmodels yana da irin wannan modal ɗin, amma da zarar tsarin ya ɗan rikiɗe sai ka fara zufa, misali a ce ba tsawo kake aunawa ba, ƙirga kake yi. Ƙirgen ƙwari a ganye, ko adadin irin da ya tsiro, ko 'ya'yan itatuwa a kowane kwadirat, wato ɗan murabba'in fili da aka keɓe don ƙirga. Irin wannan datar ba ta bin ƙa'idar da ANOVA, gwajin kwatanta rukunai da aka saba, ke so, sifili ne ya cika ta, sai can ka ga wani ganye ɗaya da ƙwari 80. A R akwai glmmTMB da aka yi don ainihin wannan ciwon, ya san da yawan sifilin ya san da warwatsuwar, akwai mgcv na Simon Wood in dangantakar lanƙwasa take ba miƙe ba, akwai DHARMa da zai nuna maka ko modal ɗin ya zauna ko kana yaudarar kanka. A Python sai dai ka koma hanyar Bayes da PyMC ko Bambi, wanda abu ne mai kyau sosai amma ba na ce wa mai wata uku ya fara daga nan ba.

In kuma aikinka na al'ummar tsirrai ne, wato ka je wurare 30 ka rubuta duk nau'in da ka gani da yawansa, to gaskiya nan ba ma gasa. Fakej ɗin vegan na Jari Oksanen, ɗan ƙasar Finlan, shi ne kasuwar gaba ɗaya, ma'aunin Shannon da Simpson, tazarar Bray-Curtis, NMDS, PERMANOVA, RDA da CCA duk suna ciki, kuma kusan duk takardar da za ka karanta a fannin da shi aka yi ta, don haka in mai duba aikinka ya tambaya ba ka da doguwar bayani. Sai iNEXT na su Anne Chao in kana so ka san ko yawon da ka yi ya isa ko akwai nau'ukan da ka tsallake. Python na da scikit-bio yana yin wasu daga ciki, amma kamar ƙaramin shago ne kusa da babbar kasuwa. Haka masu gwajin gona, agricolae zai zana maka tsarin filin tun kafin ka shuka, ya yi maka rabon fuloti ba son kai, abin da Ronald Fisher ya yi ta koyarwa tun yana tashar bincike ta Rothamsted a Ingila a shekarun 1920.

To ina Python yake cin kasuwarsa? Ranar da datarka ta daina zama jadawali. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta ɗauki hoton tukwanenta kullum daga sama na tsawon makonni, hotuna sun haura dubu uku, tana so ta san faɗin ganye yadda yake ƙaruwa, kuma da hannu ta fara, tana buɗe hoto ɗaya-ɗaya a manhajar auna hoto ta ImageJ tana zagaye ganyen da linzamin kwamfuta. Da ta ci gaba a haka da har yau tana nan. Abin da muka yi shi ne PlantCV, kayan Python ne da cibiyar binciken tsirrai ta Danforth a Amurka ta fitar, a kan OpenCV yake zaune. Ka juya launin hoton zuwa tsarin da kore ke fita fes, ka sa iyaka ka ce duk fiksel ɗin da ya wuce nan ganye ne, ka share ƙananan ɗigo-ɗigo, ka ƙirga fiksel, sannan ka mayar da su santimita da rular da ke cikin hoton. Yini biyu muka yi muna faɗa da iyakar nan, don hotunan safe da na yamma haskensu ba ɗaya ba, ga gansakuka da ta fito a bakin wasu tukwanen ita ma kore ce kwamfuta tana lissafa ta a ganye, amma da abin ya zauna, kafin mu gama hira ya cinye folda ɗin duka. Da ba ta sa rular nan a hoton ba kuwa da ba yaren da zai cece ta.

Daga nan in ka ƙara gaba kana so kwamfuta ta gane cuta a ganye, ko ta tantance nau'in tsiro daga hoto, ko ta saurari faifan sauti ta faɗi tsuntsun da ke kuka, ko ta ware hotunan kyamarar da aka ɗaure a daji, to ka shiga unguwar ƙirƙirarriyar basira, kuma yaren unguwar Python ne. TensorFlow na Google ya fito 2015, PyTorch na Facebook ya biyo a 2016, duk sabon modal da aka saki da Python ake sakinsa, misalansa da Python, masu amsa tambaya a intanet da Python. R na da torch da keras, suna aiki, amma kullum kana bayan ayari kana fassara abin da wasu suka rubuta. Sai dai kar a ruɗe ka, ba duk abin da aka kira koyon na'ura ne ke buƙatar wannan ba, in Random Forest kawai za ka yi kan jadawali mai layi 500, ranger ko tidymodels a R sun isa har da saura.

Hotunan tauraron ɗan Adam kuma nan ne na kasa ba wani kambu kai tsaye. Landsat na can sama tun 1972, fiksel ɗinsa na yanzu mita 30, Sentinel-2 na Turai da aka fara harbawa a 2015 yana ba da mita 10 kuma yana dawowa wuri kamar duk kwana 5. Lissafin da kowa ke farawa da shi NDVI ne, dalilinsa kuwa mai sauƙi, lafiyayyen ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana kuma mayar da hasken infirared na kusa, sai ka ɗebe ja daga infirared ka raba da jimillarsu, amsar tsakanin -1 da 1. A Sentinel-2 band 8 (infirared) da band 4 (ja) kenan. Wannan terra na Robert Hijmans zai yi maka shi a R ba wata wahala, sf kuma ya riƙe maka taswirar iyakoki, in ƙaramin yanki ne da hotuna ƙalilan ban ga dalilin barin R ba. Amma in shekara 20 kake so na yanki mai faɗi, ba za ka sauke wannan a laftof ba, sai ka tura lissafin can Google Earth Engine ya yi a kwamfutocinsu ya miƙo maka sakamako, shi kuma JavaScript da Python yake ji a hukumance. Akwai rgee na R amma shi ma ta bayan gida yake bi ya kira Python ɗin, don haka sai ka ɗora Python ko kana so ko ba ka so. Datar yanayi mai hawa da yawa, wuri da lokaci da tsayi, xarray na Python ya fi iya riƙe ta, wannan ra'ayina ne kuma na san masu R za su ce akwai stars.

Mai son hasashen inda wani nau'in tsiro zai iya rayuwa, hanyar da aka saba ita ce ka ɗebo wuraren da aka gan shi daga GBIF, rumbun da aka kafa a 2001 mai ofis a Kofanhegan, bayanansa sun haura biliyan 2, ka haɗa da ma'aunan yanayi 19 na WorldClim, ka ba MaxEnt, manhajar da ke yin hasashen. Shi MaxEnt asalinsa da Java aka rubuta shi, amma kayan da ke zagaye da shi, rgbif, ENMeval, biomod2, CoordinateCleaner mai cire maka bishiyar da aka ce an gani a tsakiyar teku, kusan duk R ne.

Masu ƙwayoyin gado kuma ku taku daban ce, don gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce aikin farko ba R ba Python, baƙin allon Linux ne. Fayilolin da injin karanta DNA ke fitarwa manya ne, ana jera su da kaya irin su STAR ko HISAT2 ko Salmon ta hanyar buga umarni, kuma girman aikin ya danganta da shukarka, Arabidopsis da aka kammala karanta ta a shekarar 2000 haruffanta kamar miliyan 135 ne, alkama kuma ta kai wajen biliyan 16, ka ga ba laftof ɗin da zai ɗauki wannan. In kana da samfur da yawa kana so matakan su bi juna da kansu, Snakemake na Python ne. Amma ana gama jerawa a samu teburin ƙirge, sai kowa ya dawo R, don DESeq2 da edgeR da limma suna cikin Bioconductor, wanda shi Gentleman ɗin nan na R ya assasa a 2001. Masu ƙwayoyin cutar ƙasa da saiwa suna farawa da QIIME 2 na Python ko DADA2 na R, su ƙare a phyloseq. Wato a wannan fannin dai sai ka taɓa duka, tambayar kawai da wanne za ka fara, ni kuma na ce R da ɗan umarnin Linux.

Akwai aikin da ba wanda ke ba da labarinsa kuma shi ke cin mafi yawan lokaci, wato wankin data. Bishiyar bagaruwa kaɗai za ka same ta a jadawali ɗaya da suna huɗu, wani ya rubuta Acacia nilotica, wani Vachellia nilotica don an raba gidan Acacia an bar wa na Ostareliya sunan, taron masana tsirrai na Melbon a 2011 ya tabbatar da hakan, wani ya rubuta A. nilotica, wani kuma ya bar fili a ƙarshen sunan wanda ido ba ya gani amma kwamfuta na gani. Gawo ma haka, tsofaffin takardu Acacia albida, yanzu Faidherbia albida. In ba ka gyara ba sai lissafinka ya ce dajin na da nau'i 45 alhali 38 ne. A nan dplyr na R da pandas na Python kunnen doki suke, duk wanda ka iya ya isa, ni dai na ga sabon shiga ya fi saurin karanta dplyr don matakan suna bin juna kamar labari, tace, ware rukuni, taƙaita. Abin da nake roƙo kawai kar ka yi wankin a Excel da hannu ka adana a kan asalin fayil ɗin. Excel ɗin nan layi 1,048,576 ne iyakarsa, kuma yana da halin mayar da abu kwanan wata ba tare da ya tambaye ka ba, lambar fuloti 3-4 sai ta koma 4 ga Maris, wani bincike a 2016 ya tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da suka haɗo jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel sun lalace ta haka, har sai da aka sauya wa wasu ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna a 2020 don Excel ya ƙyale su.

Wajen ɗorawa a kwamfuta, R ya fi sauƙin kai nesa ba kusa ba. Ka sauke R, ka sauke RStudio, ka buga install.packages, fakej sama da 20,000 na CRAN, rumbun fakej na R, suna jiranka kuma ana duba su ko suna jituwa da juna. Python kuwa satin farko yakan tafi ne a rikicin pip da conda, kayan ɗora fakej, wannan fakej na son wata siga wancan na son wata, ka ɗora abu ya ce an ɗora ka kira shi ya ce bai san shi ba don ashe Python biyu ne a kwamfutar. Google Colab yana rage wannan ciwon kan tunda a burauza kake komai, amma sai da intanet mai ƙarfi. R ma fa ba waliyyi ba ne, saƙon kuskurensa wani lokaci kamar zaurance, kuma abu ɗaya ana yinsa ta hanya uku, ta asali da ta tidyverse da ta data.table, sai ka kwafo rabi nan rabi can su ƙi haɗuwa. Python ya fi tsabta a matsayin yare, in ka koye shi ka koyi rubuta manhaja da gaske. Ƙaramin abu amma yana kayar da mutane, R daga 1 yake fara ƙirga, Python daga 0. Dukansu kuma suna loda data a RAM ne, don haka zancen wai Python ya fi ɗaukar babbar data ba haka kawai yake ba, pandas ma yana shaƙewa, maganin a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, arrow ko DuckDB, ko data.table a nan polars a can.

Sai maganar mutanen da ke kusa da kai da na ce zan dawo. In sufabaizanka da duk 'yan lab ɗinku R suke yi, kai ka ɗauko Python don ka ji ana yabonsa, ranar da ka maƙale ƙarfe ɗayan dare ba mai duba maka, kuma tsofaffin kod ɗin lab ɗin da za su rage maka wata guda ba za su yi maka amfani ba. Haka in akasin haka ne. Wannan kaɗai ya isa ya juya duk abin da na faɗa a sama in aikinka na tsaka-tsaki ne. Manhajojin hira na AI suna rubuta kod a yarukan biyu, ina amfani da su, amma ka kula, ba su ga bencinka ba, in ka ba su layi 600 ɗin nan za su yi maka ANOVA mai kyan gani su wuce, wani lokacin ma su ƙirƙiro sunan umarnin da babu shi.

In kuma kana hangen bayan digiri ne, kana tunanin ƙila ba za ka tsaya a bincike ba, Python ya fi buɗe ƙofofi a kamfanonin fasaha da aikin data, R ya fi ƙarfi a jami'o'i da cibiyoyin noma da na lafiya da kamfanonin magani.

Ni dai in ka matsa min, ga inda na tsaya. Jadawali daga fili ko ɗakin reno, ƙirge, nau'uka, maimaici, to R, kuma wannan shi ne halin yawancin masu tsirrai da muhalli da na gani. Hotuna, sauti, na'urorin auna yanayi masu turo data duk minti, ko modal mai zurfi, to Python. Kar ka fara su tare, sai ka kai matakin da za ka iya ɗauko ɗanyen fayil ka wanke ka yi modal ka zana ba tare da ka kwafi komai ba, sannan ka leƙa ɗayan, na biyun ba ya cin rabin wahalar na farko, kuma akwai gada, reticulate na kiran Python daga cikin R, rpy2 na yin akasin haka, Quarto kuma yana ɗaukar duka biyun ya fitar maka da rahoto.

Duk wanda ka zaɓa, ka rubuta sigar komai ka ajiye kusa da kod ɗin, sessionInfo ko renv a R, fayil ɗin muhallin conda a Python. Python 2 an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, R 4.0 a wannan shekarar ya sauya yadda yake karanta rubutu a jadawali, sannan a Oktoban 2023 aka cire fakej ɗin taswira rgdal da rgeos da maptools daga CRAN. Ni wannan na ƙarshen ne ya same ni, mujalla ta dawo min da takarda a gyara taswira ɗaya tak, na buɗe kod ɗin da na rubuta da hannuna shekara biyu baya, layi na uku ya tsaya cak, sai da na kwana biyu ina mayar da komai kan sf da terra kafin taswirar ta sake fitowa.